Ana iya sa mota ta riƙa bin dokar gudu da kanta?

Wa alaikumus salam Alhaji, ranka ya daɗe. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya sha min kai a gareji shi yasa sai yanzu. Ga waɗanda basu gani ba, Alhaji yace yana da Corolla 2010 'yar Amurka, direbansa ne ke kai iyali Kano daga Kaduna duk ƙarshen wata, kuma Hajiya ta kawo ƙara cewa bawan Allahn nan da ya wuce Mararrabar Jos sai ya nemi ƙure maleji, anyi faɗa anyi nasiha duk a banza. Shine yake tambaya ko mai wayarin zai iya taɓa ƙwaƙwalwar motar ta yadda ita da kanta zata san dokar gudun kowane titi, in an shigo gari ta tsaya a 50, in an fita babbar hanya ta tsaya a 100, direba ya so ko ya ƙi.

Toh Alhaji abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya. Na farko shine a sa wa mota iyaka guda ɗaya, ace komai taka totur ɗin da akayi bazata wuce 100 ba. Wannan aikin yini ɗaya ne, munayi, kuma a motarka zaiyi kyau sosai. Na biyu shine motar ta riƙa gane titin da take kai tana canza iyakar da kanta, wannan kam ko Turawan da suka ƙirƙiro shi har yau suna fama dashi, kuma a titunanmu ni ban baka shawarar ka miƙa masa totur ɗinka ba. Bari na maka bayani dalla dalla don kar wani ya karɓi kuɗinka ya maka aikin da zai jefa iyali cikin haɗarin da yafi wanda kake gudu.

Fara da leƙa ƙarƙashin sitiyari ka kalli totur ɗin motarka. A tsofaffin motoci irin su Golf 3 ko Camry ɗin nan da ake kira fensir, in ka taka totur wata wayar ƙarfe ce kake ja, irin ta birkin keke, ita ke buɗe maƙogwaron injin iska ta shiga. A taka babu wannan wayar kwata kwata. Abinda ke jikin totur ɗin sansa ne da soket mai wayoyi shida, in ka taka sai ya aika saƙon lantarki zuwa ƙwaƙwalwar mota, wato ECU, wadda 'yan gareji ke ce wa biren bos, yace mata direba yana son wuta kaza. Ita ce zata duba ta yanke hukunci sannan ta umarci wani ɗan ƙaramin moto ya buɗe maƙogwaron. Kenan direbanka roƙo yake, ƙwaƙwalwa ce mai bayarwa. Duk dabarar ƙayyade gudu a motocin zamani a wannan tsakanin take zaune, tsakanin ƙafar direba da ƙwaƙwalwa.

Sannan motar ta riga ta san gudun da take yi, ba sai an koya mata ba. Kowace taya tana da sansa na ABS da ke ƙirga juyawarta, ana haɗa lissafin a watsa shi kan wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito dashi a 1986, duk na'urorin cikin mota ta nan suke hira da juna. Soket ɗin nan mai ramuka 16 da muke jona sikana, na'urar binciken mota, a ƙasan dashbod, OBD, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996, rami na 6 da na 14 sune na CAN ɗin. In na jona na tambayi motar gudunta zata bani amsa da kilomita ne ko da kuwa fuskar malejinta mil take nunawa.

Wannan maganar mil ɗin ma ka tsaya a kanta tukunna, don na sha ganin ta. Motar Amurka manyan lambobin malejinta mil ne, kilomita sune ƙananan da ke ciki. Akwai wani dattijo da ya kawo min motarsa yana rantsuwa shi bai taɓa wuce 80 ba amma kullum 'ya'yansa na cewa yana gudu, na zauna kusa dashi muka hau titi, allura na kan 80 ɗin kuwa, na nuna masa sikana a hannuna tana cewa 129. Salati ya dinga yi. Mil 60 shine kusan kilomita 97, mil 80 kusan 129. Ka tambayi direbanka wace lamba yake kallo, ba mamaki rabin matsalar daga nan take.

Yanzu hanyoyin sa iyaka guda ɗaya. Wadda tafi tsafta itace wadda kamfani ya saka tun daga gida. Mercedes da Peugeot da yawa suna da ita a jikin sandar kurus, abin nan da ke riƙe wa mota gudu ba sai ana taka totur ba, zaka ga an rubuta LIM, ka saita lamba motar bazata wuce ba sai in ka danne totur har ƙasa. Ford suna da wani tsari mai suna MyKey da ake saita makulli na biyu don yara ko direba, duk wanda ya tada mota da wannan makullin an daure masa gudu. Dama motoci da yawa da iyakarsu a ɓoye, na cikin gidan Japan ana tsayar dasu a 180, manyan na Jamus a 250, Volvo kuma tun 2020 suka mayar da duk sababbin motocinsu 180. Manyan motoci irin su DAF da MAN da Actros kuwa lambar tana nan cikin saitinsu, a Turai doka ta tsayar da tireloli a 90, manyan bas a 100, da kwamfutar da ta dace ake shiga a canza.

A Corolla ɗinka babu maɓallin da zaka danna. Wasu zasu ce maka a kawo su sake rubuta manhajar ƙwaƙwalwar su sauke iyakar daga inda take zuwa 100. Ana yi, ba ƙarya bane, amma aiki ne na kwafo fayil daga cikin biren bos, a nemo inda lambar take, a canza, a gyara lissafin tantancewa, a mayar. In wuta ta ɗauke ko batir ya yi sanyi ana tsakiyar rubutawa, ƙwaƙwalwar ta mutu kenan, sai ka nemi wata a Panteka ko Ƙofar Ruwa sannan a zo ana fama da haɗa ta da makulli. Duk wanda zai maka wannan ka tabbata ya ajiye maka asalin fayil ɗin a filashi ka tafi dashi gida. In yace ba sai an ajiye ba, ɗauki motarka ka tafi.

Abinda ni nake sakawa a irin motarka ɗan akwati ne da bai kai sabulun wanka biyu ba, ana cire soket ɗin totur a jona shi a tsakani. Yana karanta abu biyu, nawa direba ya taka, da kuma gudun mota. Muddin ana ƙasa da iyaka baya taɓa komai, saƙo na wucewa yadda yake. Da an kusa, misali 96 ko 97, sai ya fara rage saƙon a hankali, direba ya taka rabi shi kuma ya gaya wa ƙwaƙwalwa kwata aka taka. Abinda direba zai ji kawai shine motar ta daina ƙara wuta, kamar ta ƙoshi. Babu fizga, babu tari, birki da sitiyari da giya duk suna nan yadda suke.

Amma fa a nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Na ce maka wayoyi shida ne, dalili shine sansa biyu ne a cikin totur ɗin ba ɗaya ba, kowanne da wutarsa ta bolt 5 da asinsa da wayar saƙonsa. A Toyota in ba'a taka ba ɗaya yana bada wajen bolt 0.8 ɗayan wajen 1.6, kuma tare suke hawa. Ƙwaƙwalwa tana auna su biyun kowane lokaci, da taga sun saɓa sai tace an samu matsala, ta kunna fitilar cek, ta ajiye lambar laifi irin su P2138, ta kashe wa motar ƙarfi ta koma tafiyar kura da ƙyar take jan jiki. Kamfani yayi haka ne da gangan don kar waya ta haɗe mota ta ɗau wuta da kanta. To ka ɗauka akwatin da aka saka maka na banza ne, ko an yanke waya an murɗa da hannu an naɗe da salatif, ana cikin wuce tirela a wajen Kwanar Dangora jijjiga ta sa waya ɗaya ta saki. Motar zata yanke ƙarfi a daidai lokacin da ake tsananin buƙatarsa. Na taɓa karɓar wata Hiace da aka yi wa irin wannan aikin a wani wuri, da na buɗe naga wayoyin totur an fere su da reza an soka na akwatin a ciki, zafi ya narkar da salatif ɗin ya zama kamar ƙaro, direban yace sau uku tana mutu masa a hanya cikin sati ɗaya. Shi yasa nake cewa soket zuwa soket, kar a yanke ko waya ɗaya, in dole sai an haɗa to a yi da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi.

Sharuɗɗa biyu nake dubawa a kowane akwati kafin na yarda dashi. Dole ya zama ragewa kawai yake iya yi, har abada bazai iya aika saƙon da yafi abinda ƙafa ta taka ba. Sannan in shi kansa ya lalace ko fis ɗinsa ya ƙone, ya saki hanya saƙon asali ya wuce kai tsaye motar ta koma yadda kamfani ya yi ta. Akwai kuma wani abu da masu sakawa da yawa ke mantawa, in motar tana da kurus, to kurus baya bi ta totur, kai tsaye yake magana da ƙwaƙwalwa. Direba mai wayo zai kai 100 ya kunna kurus ya dinga danna ƙari da yatsa har 130 akwatinka na zaune yana kallo. Sai an haɗa da shi a lissafi ko a cire shi gaba ɗaya.

Abinda bazan taɓa yi ba, kuma dan Allah kar ka bari a maka, shine dabarar yanke wuta. Wasu zasu sa rile a wayar famfon mai ko ta koyil, da an wuce iyaka ya yanke. Yana da arha kuma a gwajin cikin unguwa zakaga kamar yayi. In ka yanke wutar fulogi mai yana ci gaba da zuba, ɗanyen fetur zai tafi salansa ya ƙone a cikin abin tace hayaƙin nan da 'yan gareji ke kira indomi, ya narkar dashi. In famfon mai ka yanke mota zata dinga fizga tana shaƙewa, wataran ta mutu gaba ɗaya ana kan 110. Injin in ya mutu, iskar da ke taimaka wa birki taku biyu ko uku ce ta rage sannan ya zama dutse, a motoci da yawa sitiyari ma yayi nauyi. Haka masu tiraka, na'urar bin sawun mota, da ke cewa zaka iya kashe motarka daga waya, wannan an yi shi ne don ɓarayi, kuma masu kyau daga ciki basa yankewa sai gudu ya sauko ƙasa da 20. Kar a mayar dashi abin ladabtar da direba. Birki kuma babu ruwan kowa dashi, duk wanda yace zai sa motarka ta riƙa taka birki da kanta a gareji, ka ce masa Allah ya bada sa'a.

Tunda bama taɓa birki, ka sani akwatin baya riƙe mota a gangara. In ana saukowa Hawan Kibo ko wata doguwar gangara nauyin mota ne ke tura ta, ko an ɗage ƙafa gaba ɗaya zata iya wuce iyakar. Nan aikin direba ne da giyarsa.

Toh mu zo kan ainihin abinda kake so, mota mai gane titi. Sunansa ISA a wajen Turawa. Suwidin ta gwada shi da dubban motoci tsakanin 1999 da 2002 a garuruwa huɗu, cikinsu har da Lund da Umea. Tarayyar Turai ta wajabta shi kan sababbin samfura daga Yulin 2022, sannan kan duk sabuwar motar da za'a sayar daga Yulin 2024. Birnin New York ma ya fara gwada shi a motocin gwamnatinsa guda 50 a 2022. Yadda yake aiki, akwai kyamara a bayan madubin tsakiya tana karanta allunan gefen titi, ga GPS da taswirar da aka rubuta wa kowane titi iyakarsa, sai a haɗa biyun a fitar da lamba. Daga nan ko motar tayi ƙara, ko totur ya ɗan turo ƙafarka, ko ta rage wuta a hankali irin yadda na faɗa a sama.

Ka lura da abu ɗaya. Su da suke da alluna a kowace kwana da taswirar da ake sabuntawa kullum, dokarsu cewa tayi na'urar ta dace da lambar gaskiya a kashi 90 cikin ɗari na tafiyar gwaji, wato sun san zata yi kuskure. Shi yasa suka ce dole direba ya iya fin ƙarfinta in ya ƙara taka totur, kuma yana iya kashe ta, saidai duk sanda aka sake tada mota zata dawo a kunne. Abinda kake nema na direba ya so ko ya ƙi, ko can basu yarda dashi ga kowa da kowa ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka ma majalisa ta amince da dokar da ƙara kawai motar zata riƙa yi, gwamna Newsom ya ƙi sa hannu a 2024.

Yanzu ɗauko wannan ka ɗora a hanyar Kaduna zuwa Kano. Daga Kawo zuwa Na'ibawa allon gudu nawa ka taɓa ƙirgawa? Wanda 'yan jari bola basu cire ba an liƙa masa fastar ɗan takara, wanda ya tsira rana ta cinye jan zoben. Lokacin hunturu ga hazo ga ƙura a gilashi. Sai kuma abin dariyar, tirelolin da aka shigo dasu daga Turai da yawa suna da sitika a baya mai zagaye da lamba 80 ko 90 ko 60, kyamara na iya ɗauka allon titi ne ta karanta. Ka ga kana bin bayan DAF motarka ta yanke shawarar dokar wurin 60 ce. Taswira kuma, titin yana ciki amma lambar iyakar gudu a yawancin hanyoyinmu ba'a shigar ba, gurbin a buɗe yake. GPS ɗin kansa yana kuskuren 'yan mitoci, wanda ya isa ya ɗauka kana ƙaramin titin gefe alhali kana kan babban, ko kana ƙarƙashin gada alhali kana samanta. Ga aikin titi da ake karkatar da motoci hannu ɗaya yau a nan gobe a can. In na'urar tana ƙara ne kawai, kuskurenta haushi zai baka. In kuwa ita ke riƙe da totur, ranar da ta ɗauka 50 ne a inda kowa ke 100, mota zata saki wuta ga tanka a bayanka yana danno hon.

Dokar kanta ba wuya gare ta ba. A littafin ƙa'idojin hanya na Najeriya ƙaramar motar gida 50 ce a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas 50, 80, 90. Tanka da tirela 45, 50, 60, eh 60, nasan zakayi dariya in ka tuna yadda suke wuce ka. Matsalar itace na'ura ta san a wanne daga cikin ukun take. Kai da ido kasan in ka iso Jaji ko Tashar Yari ko Kura ranar kasuwa gari ka shigo ko da allo ko babu, ga masu talla ga 'yan acaɓa ga awaki. Taswira a wajenta duk tagwayen hanya ne.

Akwai tsaka tsaki da nake yi wa masu motocin kamfani da na makaranta, kuma yana aiki. Maimakon a dogara da taswirar duniya, mu muke zana tamu. A manhajar tiraka sai a zagaye garin Kaduna da layi, a zagaye Zariya, a zagaye Kano, ace cikin waɗannan da'irori iyaka kaza, wajensu 100. Wurare kaɗan ne, manya ne, kuskuren mita goma baya canza komai. Amma ko a nan ina sa sharaɗi, in an shiga da'ira akwatin bazai sauke gudu da ƙarfi ba, ƙara zai fara yi, sai direba ya sauko da kansa sannan iyakar ta kama. In kuma GPS ya ɓace a koma iyakar sama, ba ta ƙasa ba. Ga motar gida guda ɗaya ni a ganina wahalar tafi amfanin, amma in kana so ana yi.

Nasan abinda direbanka zai ce don duk direba shi yake faɗa, wuce mota da kuma 'yan fashi. Maganar tsaro ba abin wasa bace, duk wanda ya bi hanyar Birnin Gwari ko ta Abuja a shekarun da abin yayi tsanani bazai raina ta ba. Shi yasa a motar gida nake saita akwatin yadda in aka danne totur har ƙasa zai saki na ɗan lokaci, kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, sannan ya dawo, kuma duk sakin da yayi tiraka zata rubuta ta turo maka saƙo a waya da wuri da lokaci. In sau ɗaya ne a tafiya, wuce tirela yayi. In sau goma sha biyar ne kafin Zariya, ka san da wa kake zaune. Wannan rubutun wallahi yafi akwatin kansa gyara direba, don mutum in ya san ana gani ƙafarsa da kanta take sauƙi.

Ka kuma zauna dashi kuyi lissafi, ba faɗa ba. Kaduna zuwa Kano kusan kilomita 230 ne. A 100 awa biyu da minti 18, a 120 awa ɗaya da minti 55, wato duk wannan gudun minti 23 ya saya, shima in titi babu kowa babu shingen jami'ai babu rami, wanda bai taɓa faruwa ba. Abinda ya biya kuwa, ƙarfin karo ba tare da gudu yake hawa daidai wa daida ba, ninkuwa yake. Daga 100 zuwa 120 ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, a 140 ya kusa ninki biyu, nisan da birki ke buƙata ma haka. A 140 mota tana cin kusan mita 39 duk daƙiƙa ɗaya, kafin ƙafarsa ta tashi daga totur ta sauka kan birki an wuce tsawon tireloli biyu. Hukumar lafiya ta duniya tace ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ake mutuwa da kashi 4. Ga mai kuma, a tsadar nan, duk wanda ya sauko daga 130 zuwa 100 zai gani a aljihunsa tun tafiyar farko.

Ta fuskar hukuma, 'yan rod sefti sun fara tilasta na'urar ƙayyade gudu ne a ranar 1 ga Fabrairun 2017, kuma kan motocin haya da na kamfanoni. Taka ta gida ce, ganin damarka ne. Amma masu karatu da ke da bas ko tirela, ku sani ba kowane akwati hukumar ke karɓa ba, sai wanda dillalin da ta amince dashi ya saka ya baku takardar shaida, don suna duba lambar mota a na'urarsu. Kuma ku ji tsoron Allah ku daina sayen takarda babu na'ura. Direbobin haya kuwa na ga dabaru iri iri, mai zare fis da an bar tasha, mai ɓoye makunni a ƙarƙashin kujera, mai cire wayar gudu gaba ɗaya maleji ya kwanta a sifili. Ba duka laifinsu bane, in mai mota ya ɗora balas ɗin da sai anyi sawu biyu a rana ake haɗa shi, ya kuma sa na'ura, to ya san za'a cire.

Kafin ma ka kawo motar Alhaji, duba tayoyinta. Akwai lamba huɗu a gefe bayan rubutun DOT, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Tsohuwar tayar Kwatano a kwaltar watan Afrilu ko a 100 ɗin ma tana iya fashewa. Kuma in an canza girman taya daga wanda kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba, lissafin gudun motar ya gurɓace, taya mafi tsayi tana sa maleji ya nuna ƙasa da gaskiya, akwatin kuma abinda mota ta gaya masa dashi zaiyi aiki. Shi yasa bayan an saka ba'a sallamar mota a bakin gareji. Ana hawa titi da mutum biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya riƙe da sikana da waya mai nuna gudun GPS, a gwada a shimfiɗaɗɗen wuri, a gwada a hawa da AC a kunne, a gwada dannewa har ƙasa aga ya saki ya kuma dawo, a kunna kurus a gwada, sannan a tsaya a gefe a zare fis ɗin akwatin da gangan aga motar ta koma normal ba tare da fitilar cek ta kama ba. Ka ce ayi duk wannan kana zaune a kujerar baya, kuma direban naka ne zai tuƙa.